Sikelin da Na Sayo wa Hajja

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na yi niyyar mantawa akwai mata uku a danginmu da ba za su bar ni ba. Maganar wani ɗan sikelin awon abinci ce. Faɗinsa bai wuce na faranti ba, amma ya kusa raba ni da mahaifiyata, ya kuma zubar min da girman da na yi shekara goma sha bakwai ina tarawa a gaban allo.

Bari in fara faɗa maka ko ni wane ne, don ka san daga inda na faɗo. Ni malamin fiziks ne a wata sakandare a nan Maiduguri. Awo shi ne sana'ata. Tsawo, nauyi, zafi, gudu, duk abin da ake aunawa ni nake koyar da yadda ake auna shi. Ina cikin mutanen nan da in ka ce musu "yanzu zan dawo" sai su tambaye ka minti nawa. (Matata Falmata ta ce ranar da na fara zuwa gaisuwa gidansu ma sai da na gyara musu agogon bango. Ban musa ba, minti bakwai yake baya.)

Muna zaune a gidanmu na gado a Lamisula, ni da Falmata da yaranmu da mahaifiyata, wadda kowa a layin yake kira Hajja. Hajja mace ce mai son abinci, kuma ba ta ɓoyewa. In aka yi burabisko da miyar yakuwa da bandar kifi, sai ta gyara zama ta ce kada wanda ya yi mata sallama sai ta gama. To bara sai ta fara yawan ƙishirwa da kasala. Muka kai ta asibiti, aka ɗebi jini, likita ya ce ciwon suga ne. Ya rubuta mata ƙwayoyi, sannan aka ba mu wata takarda mai jerin abinci, kowanne da nauyinsa a gefe. Tuwon alkama giram ɗari biyu da hamsin, wake kaza, shinkafa kaza. Aka ce ta sha magani a kan lokaci, ta ci abin da ke takardar, kada ta wuce kuma kada ta gaza.

Wannan "kada ta gaza" ɗin, wallahi ban ji shi ba sai daga baya da aka tuna min. "Kada ta wuce" kawai kunnena ya ɗauka.

Muna dawowa a keke napep Hajja ta karɓi takardar, ta juya ta sama ta juya ta ƙasa. Ta ce, "Malam," (haka take kirana tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi tsiya) "mene ne kuma giram? Ni malmala na sani da ludayi."

Falmata ta ce ai ba wani abu ba ne, za ta riƙa ƙiyastawa da ido, malmala ɗaya matsakaiciya. Daga gaba inda nake maƙale kusa da direba na juyo na dube ta kamar ta zagi sana'ata. Na ce muddin ina gidan nan ba za a yi wa ran uwata ƙiyasi ba, sikeli zan sayo.

Ranar Asabar da hantsi na shiga Kasuwar Kwastam. Na ratsa masu atamfa da masu robobi, ina kauce wa masu baro, har na kai rumfar wani dattijo mai kayan kicin, Alhaji Modu, wanda Falmata take sayen tukwane a wurinsa. Yana zaune a benci da hularsa zanna ya ɗan karkata ta, yana jan carbi.

Ya ce, "Wushe, Malam, lale. Yau kai da kanka a layin mata?"

Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya yi wa Hajja addu'ar samun sauƙi, ya tashi a hankali yana dafa gwiwa, ya sauko da sikeli uku ya jera a gabana. Na farko na ratayewa ne mai ƙugiya, irin na masu kifi. Shi da kansa ya ture shi gefe, ya ce wannan sai buhu. Na biyu kore ne mai allura, fuskarsa kamar agogo, da ɗan kwanonsa na silba zaune a kai. Na uku kuwa shi ne ya tafi da ni. Shafaffen gilashi ne baƙi, siriri, mai batir, in ka kunna shi lambobi su kawo haske shuɗi. Madanni biyu ne a gabansa, ɗaya hagu ɗaya dama.

Alhaji Modu ya dafa koren. Ya ce, "In don tsohuwa ne, wannan za ka ɗauka. Da kwanonsa ya zo. A zuba, a duba allura, a juye mata. Ba batir, ba wahala. Matan da ke yin kek da cincin na biki duk shi suke saye."

Na ce, "Alhaji, allura tana da kuskure. In ka tsaya ta dama ka karanta daban, in ka tsaya ta hagu ka karanta daban." Har sunan kuskuren na faɗa masa da Turanci. Tsoho yana kallona yana gyaɗa kai, irin gyaɗa kan da ake yi wa mai zazzaɓi in ya fara surutu.

Na ciro biro daga aljihu na ɗora a kan na gilashin, ya nuna nauyinsa. Na cire murfin biron, lamba ta ragu. Daɗi ya kama ni. Na ce, "Ka gani? Har murfin biro yake ji. Koren naka zai ji wannan?"

Ya ce, "Ba zai ji ba. Amma ai ba murfin biro Hajja za ta ci ba." Da ya ga dai na kafe, sai ya jawo shi gabansa. "To, madalla, shi ma yana da kyau. Sai dai tsaya in nuna maka. Wannan madannin na dama, in za ka..."

Na ɗaga masa hannu. (Har yau in na tuna ɗaga hannun nan sai in ji kamar in nutse.) Na ce, "Alhaji, shekara goma sha bakwai ina koyar da awo. Sa min a leda kawai."

Ya mayar da shi kwali, ya sa a leda, ya ce Allah ya ba ta lafiya. Akwai 'yar takardar bayani a cikin kwalin mai ƙananan rubutu. Ina isa gida na jefa ta a kwandon shara tare da ledar, don a ganina an rubuta ta ne saboda waɗanda ba su yi makaranta ba.

Sikelin kicin ne, amma bai taɓa kwana a kicin ba. Na ce hayaƙi da tururi za su lalata shi, yara kuma za su fasa gilashin. Sai na ba shi wuri a kan teburina a falo, kusa da littattafan ɗalibai da nake dubawa, na rufe shi da farin hankici. Ga tsarin da na kafa. Falmata za ta zuba wa Hajja tuwo a langarta, wata tsohuwar langa mai jan fure da ta girme ni, wadda Hajja ba ta yarda ta ci abinci a komai sai ita. A kawo min falo. In kunna sikeli, in ga sifili, in ɗora langar da tuwon a ciki. Lamba ta haura ɗari huɗu. Sai in sa cokali in yi ta yanka ina mayarwa a faranti, ina yanka ina dubawa, har lamba ta sauko ɗari biyu da hamsin cif. Sannan in ce a kai mata. Wake ma haka, shinkafa ma haka, duk a langar.

Mai karatu, in ka riga ka gano, don Allah ka yi shiru. Ni sai da na kwashe kusan wata guda.

Ranar farko Falmata ta leƙa langar bayan na gama yanke-yankena ta ce, "Malam, wannan ai ko Ummi ba zai isa ba." Ummi 'yarmu ce, shekararta huɗu. Na ce ai shi ya sa ake kiransa ciwo, da za a ci a ƙoshi da ba a rubuta takarda ba. Na nuna mata lambar, na nuna mata takardar. Ta ce to.

Hajja kuwa ta kalli abin da ke cikin langar, ta kalle ni, ta yi bisimilla. Loma huɗu ta yi ya ƙare. Ta suɗe yatsu ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan, Hajja, haka likita ya ce. Ta faɗi wata magana da Kanuri ƙasa-ƙasa, wadda ba zan fassara ba, ta jawo carbinta.

Sati uku abin yana tafiya, kuma Hajja garau. Ta daina ƙorafi, fuskarta ta washe, har tana fita ƙofar gida shan iska da yamma. Ni kuwa kaina ya kumbura. A ɗakin malamai na koma wa'azi. Duk wanda ya ce yana da tsoho mai suga ko hawan jini, sai in zaunar da shi in ce matsalarmu a ƙasar nan ita ce ƙiyasi, komai da ido, komai da "ɗan kaɗan". Wani malamin tarihi har ya roƙe ni in raka shi kasuwa in zaɓa masa irin nawa saboda babansa mai suga. (Allah ya so babansa, albashi bai shigo ba a satin.) Ashe ba sikelina ne yake riƙe da Hajja ba.

Wata Juma'a aka tashe mu da wuri, na dawo gida tun kafin sha ɗaya. Na yi sallama a tsakar gida ba a ji ba. Na ɗaga labulen ɗakin Hajja, sai ga ta zaune ta miƙe ƙafa da kwano a cinya, ba langar ba, wani kwano daban, cike da faten wake da alayyahu. Falmata na gefe tana yi mata fifita. Ga kuma yayata Ya Fanna, wadda ke aure a Bulumkutu, da kular da ta zo da ita a buɗe. Su uku suka daskare. Hajja da cokali a hannu, ba ta kai baki ba, ba ta mayar ba.

Abin da na yi ranar shi ya fi ci min rai har yanzu, fiye da duk abin da ya biyo baya. Faɗa na yi, na gaske. Ya Fanna da ta goya ni a bayanta, na ce da ita kada in ƙara ganin kula ta shigo gidan nan. Na juya kan Falmata na ce, "Ke da na amince wa? Kashe min uwa za ki yi?"

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Malam, yunwa take ji. In rana ta yi hannunta har rawa yake. Shi ya sa in ka fita nake ƙara mata."

Na ce rawar hannu ai ciwon ne, kuma ita da ɗura mata abinci take ƙara shi. Ya Fanna ta miƙe ta gyara laffayarta ta ce, "Kai dai boko ya yi maka yawa," ta fice ko kular ba ta ɗauka ba.

Hajja ta ajiye cokalin a cikin kwano. Ta ce, "Ku bar shi, shi ya yi karatu. Ɗauke, Falmata."

Daga ranar na tsaurara. Makullin sito ya koma aljihuna. In an fita hutun rana a makaranta sai in tari keke napep in dawo gida, in auna da hannuna, in tsaya a kanta har ta cinye, in ba ta maganinta, in koma. Falmata ta daina yi min magana sai gaisuwa da "ga abincinka". Ban damu ba. Gani nake ni kaɗai ne a gidan nake son tsohuwar nan so na hankali.

Kwana huɗu aka yi a haka. Ranar Talata na dawo awon rana, ina tsakar gida ina wanke hannu, Hajja ta tashi za ta yi alwalar azahar. Sai na ji butar ta faɗi. Na juyo na gan ta ta zame a jikin bango, gumi ya jiƙe mata ɗankwali sharkaf, bakinta yana motsi, tana kiran sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun ina firamare. Na kira ta ba ta gane ni ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba a rayuwata. Ni da Falmata muka ciccibe ta muka sa a keke. Kanta na kan cinyar Falmata, ni ina riƙe da ƙafafunta ina ta salati. Kuma, Allah ya yafe min, a cikin wannan halin ma sai da na harari Falmata, a raina ina cewa ga sakamakon faten wake nan.

A asibiti aka soki yatsanta aka ɗiga jinin a wata 'yar na'ura. Nan take na ga ma'aikatan sun fara sauri. Likita, wani matashi da ban kai in haife shi ba amma na girme shi nesa, ya ce a ɗaura mata ruwa mai suga. Na yi wuf na tare shi. Na ce, "Likita, mai ciwon suga ce fa."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Suganta ne ya yi ƙasa, Malam, ƙasa sosai. Tana shan magani ba ta cin abinci ne?"

Na ce tana ci daidai da takarda, da sikeli nake aunawa, da hannuna. Ya ce to za a duba, ya wuce. Ruwan bai yi rabi ba Hajja ta buɗe ido. Ta dubi sama, ta dubi gefe, ta ce wa ya cire mata ɗankwali a gaban mutane. Na zauna a ƙasa a wurin ina ta alhamdulillahi.

Suka ce sai ta kwana. Washegari da safe wata nas ta zo, ita ce mai kula da abincin masu suga. Ta duba katin Hajja, ta ɗago ta dube ni, sai ta yi murmushi. Ta ce, "Malam? Ba ka gane ni ba? Rifkatu ce, layin gaba, kusa da taga."

Ɗalibata ce ta shekarun farkon koyarwata, 'yar kudancin Borno, yarinya mai ƙoƙari. Yanzu ta zama Sista Rifkatu. Na ji daɗi ƙwarai. Na juya wajen Ya Fanna, wadda ta iso tun da sassafe kuma ba ta ko amsa gaisuwata ba, na ce, "Ɗalibata ce," da ƙarfi yadda na gadon gefe ma za su ji. Rifkatu ta tambayi yadda Hajja take cin abinci, na yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce in ba damuwa, in za a kawo abincin rana in zo da sikelin da kwanon, in nuna mata yadda nake yi.

Ni a zatona so take ta koya.

Da rana na dawo da sikeli a kwalinsa, Falmata na biye da ni da langa da kular miyar kuka. Ɗakin mata ne mai gado shida, kowane gado da 'yan jinya biyu ko uku a kan tabarma, ga masu zuwa dubiya. Na share kan 'yar durowar gefen gadon Hajja, na ajiye sikeli, na yaye hankicin. Ɗakin ya yi tsit, kowa ya miƙo wuya. Da na ga an taru sai malamin da ke cikina ya motsa, na ɗan ɗaga murya ina bayani kamar ina aji. Na kunna, na nuna sifili. Na ɗora langar da malmalar da Falmata ta zubo. Na sa cokali na yi ta yanka ina ajiyewa a faranti har lamba ta tsaya a ɗari biyu da hamsin. Na ja da baya na ce, "Ga shi nan."

Rifkatu ta leƙa langar. Ta ce, "Wannan take ci?"

Na ce, "Ba ƙari ba ragi."

Ta karɓi cokalin, ta juye ɗan tuwon a farantin, ta goge langar, ta mayar da ita kan gilashin babu komai a ciki. Lamba ta kawo ɗari da sittin.

Na kalli lambar, na kalli langar. Wayam take. Lissafin bai ɗauke ni daƙiƙa biyu ba, ai sana'ata ce. Casa'in. Giram casa'in na tuwo uwata take ci, sauran duk ƙarfen langa ne nake aunawa ina miƙa mata a matsayin abinci. A kan wannan kuma nake ɗura mata maganin da aka rubuta wa mai cin cikakken abinci.

Rifkatu ta sa yatsa ta danna madannin dama, wanda Alhaji Modu ya so nuna min. Langar na zaune a kai, lamba ta koma sifili. Sai ta fara mayar da tuwon. Ta mayar da wanda na bari, ta mayar da wanda na yanke, gutsure bayan gutsure, har farantin ya zama fes. Ɗari biyu da hamsin da biyar. Wato malmalar da Falmata take zubowa da ido tun ranar farko ita ce daidai, ni kuwa aikina a gidan shi ne in rage ta.

Rifkatu ta sassauta murya saboda girmamawa. Ta ce, "Malam, ai kai ka koya mana. Ka ce kafin a auna ruwa a fara auna kofin. Ka taɓa cire min maki biyar a kan haka, har na yi kuka."

Ta faɗa a hankali, amma ɗakin ya yi shirun da ko numfashi ana ji. Wata tsohuwa a gadon kusa, wadda ba ta jin Hausa sosai, ta tambaya da Kanuri me ake ciki. Ya Fanna ta ce bari ta fassara mata. Ta kuwa fassara, da ƙarfi, tun daga kasuwa har makullin sito, har da abubuwan da ni ban tuna na yi ba. Tsohuwar ta riƙe haɓa. Wata 'yar jinya daga can ƙarshen ɗaki ta ce, "Wato wata guda kwano ne yake cin rabon baiwar Allah." Dariya ta fara daga gado ɗaya ta zagaye ɗakin, har wata da aka yi wa tiyata aka ɗinke mata ciki tana roƙon a bari don Allah.

Ina tsaye da hankici a hannu, gumi yana bin bayana, na rasa inda zan sa idona. Da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe. Amma in faɗa maka gaskiya, a ƙarƙashin kunyar nan wani sanyi ne yake ratsa ni. Tun jiya nake tunanin ciwon ne ya ci ƙarfinta, nake tunanin ƙoda, nake tunanin abubuwan da ba na son faɗa. Ashe ba ciwo ba ne, ni ne. Ni kuwa ana iya gyara ni a ranar.

Falmata ba ta yi dariya ba, ba ta kuma dube ni ba. Ta ɗauki langar ta zuba miya, ta wanke wa Hajja hannu, ta ajiye mata a cinya. Hajja ta yi bisimilla ta fara ci. Ba ta yi wa kowa magana ba sai da ta ga ƙasan langar. Ta jingina da filo ta yi gyatsa ta ce alhamdulillahi, ta tambaya ko akwai sauran miyar.

A baranda na tari Falmata. Na fara kame-kame, ina haɗa haƙuri da bayani. Ta bari na gama. Sai ta miƙo hannu ta ce, "Makullin." Na ciro na ba ta. Na sake cewa ta yafe min maganar da na faɗa mata ranar Juma'a. Ta ce ta yafe, amma a muryarta na ji sai na ƙara da haƙuri na wasu makonni, kuma na ƙara.

Bayan kwana biyu aka sallame mu. Ranar da muka dawo gida, da la'asar, sai ga Ya Fanna daga Bulumkutu da wani ƙunshi a ka. Ta sauke a gaban Hajja ta kwance. Laffayoyin Hajja ne, masu tsadar da ba ta yafawa sai biki, da kwalbar turarenta ta ƙasan akwati. Na tambaya me ya kai kayan Hajja Bulumkutu.

Ya Fanna ta dube ni, wannan karon ba faɗa a idonta. Ta ce ranar Litinin, a cikin kwana huɗun nan da na kulle sito, Hajja ta aika ta zo lokacin da na fita. Ta ce mata jikinta yana rawa, idonta yana ganin duhu, tana jin lokaci ya yi. Ta ba ta kayan, ta faɗa mata wadda za a ba wannan da wadda za a ba wancan in ta Allah ta kasance. Ta kuma ce kada a gaya min.

Na ce, "Hajja, don me?"

Ta ce, "Na ga kana ta ƙoƙari, kana baro makaranta a cikin ranar nan kana dawowa saboda ni. Ban so ka ga kamar wahalar banza kake yi ba."

Na sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan tabarma, ɗan shekara arba'in da biyar a gaban yayarsa da matarsa. Hajja ta bar ni na ɗan yi. Sannan ta jawo wata shuɗiyar laffaya daga cikin ƙunshin, ta warware ta, ta shinshina, ta duba ko ta yi ƙura.

Ta ce, "Falmata, mayar min da su akwati. Ashe yunwa ce. Wannan kuma ki bar ta a sama, akwai bikin da zan je wata mai zuwa in Allah ya kai mu."

Sikelin yana kicin yanzu, a kan wata kanta kusa da gishiri, gilashin duk ya yi maiƙo. Falmata ce take amfani da shi. Ba wanda ya hana ni taɓawa, ba a dai kirana. Hajja ta je bikinta ta dawo, an ce har rawa ta ɗan taka.

Abin da na koya bai da yawa. Mutum yana iya yin wauta cif-cif, sau uku a rana, da zuciya ɗaya, yana kuma jiran a gode masa. Shi ya sa yanzu duk abin da na tabbata da shi ɗari bisa ɗari, sai in leƙa kicin in tambaya.